Lakar da Ta Sha Wuta

Shekarar da tsuntsayen jan-baki suka sauka fadamar Kagara tun shinkafa tana nono, Malam Attahiru mai gyaran injin ban-ruwa ya kafa wa gidansa doka guda: kada wanda ya ƙetare kunyar tsakiya.

Gonar tasa doguwa ce, siririya kamar rawani. Kanta yana bakin kanal, inda mutane ke kai da komo. Ƙafarta kuwa ta miƙe har gindin gamba da sabara, inda daji ya fara. A can ne bara mutanen daji suka ɗauke maƙwabcinsu Ja'afar da rana tsaka, yana korar tsuntsu da majajjawa. Ya dawo daga baya, amma har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai ya miƙe zumbur. Tun daga nan kowa ya tuge rumfar tsaronsa ya dawo da ita kusa da kanal.

To, shi jan-baki ba ya jin ihu daga nesa. An gwada igiya da gwangwanaye, igiyar ta yi tsawo har ta daina kaɗawa, kuma in ta tsinke a can ƙasa babu mai zuwa ya ɗaura.

Mashkura, babbar 'yar Malam Attahiru, ita ce a kan rumfa a wannan shekarar, don makarantarsu a rufe take, ƙannenta kuma ƙanana ne. Yarinya ce marar yawan magana, mai saurin firgita. Takan tafi da wani tsohon littafinta na makaranta, amma ba ta gama shafi ba tare da ta ɗaga kai ta dubi gamba ba.

Don ita ne uban ya ƙera abin da mahaifiyarta Inna Safara'u ta raɗa wa suna Mai Tari. Bututun roba ne da ya sayo a kasuwar Achida, ya haɗa shi da famfon keke da bakin tsohon tub ɗin babur. A buga iska, a jefa ƙwallon laka, a saki, sai ta yi "fuk" kamar tsoho ya yi tari. Ya naɗe ta da tsumma ruwan ɗorawa tun daga baki har gindi, don kada wani ɗan sa-kai ya hango daga nesa ya zaci bindigar gaske ce. Ƙwallayen kuwa Mashkura ke mulmula su da lakar bakin kanal, kamar 'ya'yan kurna, ta shanya a rana. In ɗaya ta faɗi cikin shinkafa sai ta fashe ta yi ƙura, tsuntsaye su tashi.

Kwanakin farko abin ya yi aiki. Daga nan tsuntsayen suka gane iyakar Mai Tari. Ba ta wuce kunyar tsakiya. Sai suka koma bayan kunyar kaɗan suka baje, suna cin abinsu hankali kwance, ƙwallayen na faɗuwa a gabansu kamar ana yi musu wasa.

"Baba, ba ta kai wa," in ji Mashkura wata la'asar, yana zaune a zaure yana kwance wani inji.

"Na sani."

"To a ƙara mata iska mana."

"In anka ƙara iska, lakar cikin bututu take hwashewa. Ƙura ka hita, ba ƙwallo ba."

Ta murza gefen hijabinta. "To... in anka sa tsakuwa hwa?"

Ya ajiye sifana ya dube ta. Ba mutum ne mai faɗa ba, shi ya sa in ya yi irin wannan kallon sai ta gwammace duka.

"Wata Sallah ina Achida," in ji shi, "nig ga yaro an riƙo shi. Ƙanenai yah harbe shi da bindigar roban ga ta wasa, mai 'yan ƙwallaye kamar gero. Wasa hwa. Ido guda yat tahi. Mashkura, abin da ka kai nesa shi ka huda jiki. Ni dai ban iya raba su ba. In na ba ta nisa, na ba ta haƙori."

"Amma Baba, wa ka zuwa can?" Inna Safara'u ce ta jefo daga tsakar gida, tana tankaɗe. "Ko kare ba ya zuwa. Wa za ta huda, aljani?"

"Ba ni harbin wurin da ban gani."

"To ka zo ka ga rumbu, shi ana ganin gindinai sarai."

Ya ɗauki sifanarsa. Gaskiyarta ce, geron damina ya kusa ƙarewa, kuma kowa a gidan ya san shinkafar nan ita za ta kai su kaka.

Mutum guda ce ke sa Mashkura dariya a fadama. Sabuwa, wata dattijuwa da ta gudo daga wani ƙauye na ƙasar Rabah bayan an ƙone shi, tana zaune a ɗakin aro a bayan masallaci. Ciyawa take yankowa tana sayar wa masu kiwon tumaki. Kullum da hantsi takan wuce ta bakin kanal da laujenta, da azahar ta dawo da dami kore shar, irin wanda ba a samu a kusa.

"Sannu Sarkin Yaƙi!" takan ce. "Yau nawa kinka kashe?"

"Ko guda, Inna Sabuwa."

"Ai na gani. Bindigar ga taki a kai ta chemis, a ba ta maganin tari."

Mashkura ta taɓa tambayarta inda take samun irin wannan ciyawa. Sabuwa ta yi dariya ta ce, "In na hwaɗi miki, gobe garin ga duk su bi ni." Maganar ta tsaya nan.

Ran nan Mashkura ta mulmula ƙwallaye cike da faifai ta shanya a kan rufin akurki, ta tafi gona. Da yamma hadari ya haɗo daga gabas, ruwan farko ya ɗan zuba, wanda bai isa shuka ba amma ya isa ɓarna. Inna Safara'u ta fito da gudu ta kwashe faifan. Ta ga ƙwallayen sun yi laushi, wasu har sun fara manne wa juna. Tausayin 'yarta ya kama ta. Ta yi musu abin da take yi wa duk abin da ya jiƙe a gidan: ta buɗe murhu bayan ta sauke tuwo, ta binne su cikin garwashi da toka, ta ƙara kara a kai, ta bar su suka kwana.

Da safe Mashkura ta karɓe su a ƙulle cikin leda. Sai da ta hau rumfa ta lura sun yi ja-ja, kuma in suka gogi juna suna wata 'yar ƙara kamar kasko. Ba ta kawo komai a ranta ba. Ta buga iska, ta jefa ɗaya, ta saki.

Mai Tari ba ta yi tari ba. Wani ɗan fito ta yi. Ƙwallon ya wuce kunyar tsakiya bai ko sunkuya ba. Ta ƙara iska fiye da yadda aka koya mata, tana jiran ƙura ta fito, ƙura ba ta fito ba. Can ƙasan gona, daf da gamba, tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya kamar an kaɗe baƙin bargo.

Ta tsaya baki buɗe. Sai ta ji tana dariya ita kaɗai. Ranar har azahar jan-baki bai samu zama a gonar Malam Attahiru ba. Masu rumfunan kusa suna ta ɗaga murya, "Ke Mashkura, mi kinka ba ta? A ara muna!"

Da ta koma gida tun daga zaure ta fara ba da labari, har tana haɗa magana biyu. Uban ya miƙa hannu ta ba shi ƙwallo ɗaya. Ya matsa shi tsakanin yatsu, bai fashe ba. Ya taka shi da dunduniya, ya nutse cikin ƙasa lafiya lau.

"Wa yag gasa su?"

"Gasa mi?" in ji Inna Safara'u. "Ni busar da su nay yi. Na bar aikin ɗiyata ya narke?"

"Safara'u, laka in ta sha wuta ai ta zama tukunya."

"To ni maginiya ce da zan sani?"

Ya ɗauko wata tsohuwar ƙwarya ya kife a kan turmi, ya kori yara ɗaki, ya koma bakin zaure da Mai Tari ya saki. Ƙwaryar ta yi tsalle ta faɗi. Mashkura ta ɗauko ta. Rami ne a gaba, rami a baya, har tana hango hasken yamma ta ciki.

"Kan mutum bai hi ƙwaryar ga kauri ba ta wajen ido," in ji shi a hankali. "Gobe ki zuba su kanal. Duka."

Washegari ta tsaya bakin kanal ta kwance ledar. Ta zuba. Ruwan ya haɗiye su. Amma hannunta na hagu ya riga ya dunƙule 'yan kaɗan, ta ƙulle su a bakin zanenta. Ita kanta ba ta ce za ta yi amfani da su ba. Ta dai kasa buɗe hannun.

Kwanakin da suka biyo baya shinkafa ta fara yin ja, tsuntsayen kuma suka ƙaru, har in suka taso daga bakin gulbi sai rana ta dusashe. Mashkura ta yi ihu har muryarta ta dishe. Ta buga gwangwani har hannunta ya kumbura. Ta harba ɗanyar laka tana faɗuwa a kunyar tsakiya tana ƙura. Daga kan rumfa tana ganin ƙasan gonar yana sauya launi, daga ruwan zinari zuwa wani fari-fari na ƙaiƙayi. A gida kuwa Inna ta fara auna gari da ƙaramin kwano, ba ta ce wa kowa komai ba.

Ranar Talata da hantsi wani garke ya sauka wanda ba ta taɓa ganin irinsa ba. Kan shinkafa duk ya kwanta saboda nauyinsu. Ta miƙe tsaye a kan rumfa ta duba ƙasan gona da kyau. Shinkafa, sai gamba, sai sabara. Babu ko motsi. Ta tuna maganar Inna, ko kare ba ya zuwa. Ta tuna ƙwarya. Ta yi kira da disasshiyar murya, "Akwai mutum can?" Iska ta dawo mata da kiran. Ta yi bismilla, ta kwance bakin zane.

Na farko ya tashe su. Suka yi gewaye suka dawo. Ta ƙara iska, ta ɗan ɗaga bakin bututun sama, ta saki na biyu.

Sai aka yi ƙara. Ba ta tsuntsu ba.

Daga cikin gamba wata mace ta miƙe, hannu biyu a fuska. A tsugune take yankan ciyawarta tun safe, yadda ta saba, don kada mutanen daji su hango ta, kada kuma 'yan sa-kai su kore ta. Sabuwa ce. Ta yar da lauje ta faɗo cikin shinkafa tana gudu tana faɗuwa, jini na bin yatsunta.

"Sun zo! Wayyo Allah, sun harbe ni! Sun zo!"

Mashkura ta buɗe baki ta ce ni ce, amma abin da ya fito bai fi raɗa ba. Kuma ko da muryarta garau take, wa zai ji? Rumfar kusa ta ɗauka, ta gaba ta karɓa. "Sun zo!" Kafin ka ce kwabo fadama ta hautsine. Mata suna fizgar yara, maza suna tsallake kanal, wani ya bar injinsa yana aiki, wani ya bar takalmi. Wata mata ta cafki hannun Mashkura ta jawo ta daga kan rumfa, "Ke tahi mana, mutuwa kike jira?" Haka ta shiga cikin masu gudu, tana gudun abin da ta san babu shi, Mai Tari na bugun ƙafarta.

Malam Attahiru ne ya ɗauki Sabuwa a babur ya kai ta asibiti a Goronyo, bai ma san komai ba tukuna. An ɗinke mata gira. Idon ya kumbura ya rufe, aka ce sai kumburin ya saɓe za a san abin da ya rage. Kafin ya dawo, Atiku shugaban 'yan sa-kai ya sa an yi shela: an rufe fadama, kada wanda ya leƙa sai an bincike dajin.

Yana shigowa gida Mashkura ta tare shi a zaure. Ba ta iya haɗa magana ba, sai ta kwance bakin zanenta ta nuna masa ragowar. Ya dube su, ya dube ta. Ya zauna a kan bencinsa kamar wanda aka zare wa laka.

"Inna lillahi," kawai ya ce. Can ya miƙe. "Taho."

Suka sami Atiku a gindin dalbejiyar ƙofar gari, shi da mutanensa. Malam Attahiru ya ajiye Mai Tari a gabansu, da jajayen ƙwallayen, ya faɗi yadda aka yi tun daga ruwan sama har murhu. Wani daga cikinsu ya tuntsire da dariya.

"Malam, abin ga mai zanen amare? Shi yah huda tsohuwa daga bakin kanal?"

"A kawo ƙwarya in gwada muku."

"Bari, Malam," in ji Atiku. Shi bai yi dariya ba. Idanunsa sun yi ja don rashin barci. "Na yarda. Ka ce ɗiyarka ta. To ka rantse mini ba kowa cikin gambar can yanzu."

Malam Attahiru ya dubi ƙwallayen da ke gabansu.

"Ka gani? Mutum ukku sun ce sun ga babura. Wata ta ce ta ji harbi."

"Tsoro na yag gwada musu."

"Awo, wataƙila. In na buɗe, anka ɗauki mutum guda, kai za a tambaya ko ni? Mun aika a turo muna jami'ai. In sunka zo munka shiga tare, sai a buɗe."

"Tsuntsu ba shi jiran jami'ai, Atiku."

"Na sani. Ni ma tawa gonar tana can."

Jami'an ba su zo washegari ba, ba su zo jibi ba, don an ce ana can ana fama ta wajen Wurno. Kullum da hantsi mutane kan taru a kan tudun bayan gari, inda ake hango fadama. Ba mai magana sosai. Garken yakan taso daga gulbi ya sauka, babu ihu, babu gwangwani, babu ko yaro guda da zai ɗaga hannu. Mashkura takan tsaya a bayan mata. Wasu sun ji labarin, sukan waiwayo su dube ta su kau da kai. Wasu kuwa sun ji ba su yarda ba, kuma ita ba ta san wanne ya fi mata ciwo ba.

Inna Safara'u ta dama kunu ta ba ta ta kai wa Sabuwa. Ta same ta kwance a kan tabarma, rabin fuska a naɗe.

"A'a, Sarkin Yaƙi. Shigo."

Mashkura ta durƙusa ta ajiye kwanon. "Inna Sabuwa, ni ce. Ni nah harba. Ban gan ki ba, wallahi ban gan ki ba."

"Babanki ya hwaɗi mini haka nan." Sabuwa ta lalubo kan yarinyar ta dafa. "Ku mutanen kirki na, kuna son ku kwantar mini da hankali. Amma ɗiyata, ni na san harbi. Na ji shi garinmu. Laka ba ta yin haka."

"An gasa ta ne, Inna, cikin murhu..."

"To, to. Allah shi yi miki albarka. Miƙo mini ludayin."

Mashkura ta miƙa mata. Ta zauna tana kallonta tana shan kunu da ido ɗaya.

Sai bayan Juma'a aka shiga dajin. Ba a sami kowa ba, sai laujen Sabuwa da rabin damin ciyawa da ya bushe. Aka buɗe fadama.

Gidan Malam Attahiru suka fita gaba ɗaya. Daga nesa gonar tana nan tsaye kamar ba abin da ya same ta. Sai da Mashkura ta kama kan shinkafa ɗaya ta murza, ya watse a tafinta, ƙaiƙayi zalla. Ta kama wani, haka. Ba ƙasan gona kaɗai ba, har wanda ke gaban rumfa, wanda Mai Tari ta tsare da ɗanyar laka tun farko. Gonakin maƙwabta ma haka, hagu da dama, kowa yana tafe cikin tasa yana murzawa yana zubarwa.

Malam Attahiru ya zauna a bakin kanal ya warware tsumman ruwan ɗorawa, ya cire famfon ya ajiye gefe don na keken gida ne. Bututun ya riƙe shi a hannu ya daɗe yana juyawa.

"Baba," in ji Mashkura, "da na bar ta yadda kak ƙera ta..."

"Da mun sami rabi." Bai ɗago ba. "Rabin ma ba ya kai mu kaka. Na yi ta lissahi tun kahin ki harba. Ɗauko lauje."

A gefen kanal, inda mutane ke yawan wucewa, akwai ɗan layin da tsuntsayen suka rage. Nan suka fara yanka. Inna Safara'u ta taho da buhuna a ƙarƙashin hammata, waɗanda ta wanke ta ɗinke tun shinkafa tana nono. Ta tsaya ta dubi layin daga farko har ƙarshe. Ta zare buhu ɗaya ta shimfiɗa a ƙasa, sauran ta ninke su, ta ɗora dutse a kai don kada iska ta kwashe.